Rasuwar Auta, Guringuntsin Gwiwar Alhaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwa mai cike da ciwo, iyalan Alhaji Ɗahiru mai motocin haya na Zongon Kwatano suna sanar da rasuwar Auta, wanda ya cika a cikin ɗan farantinsa mai murfi.

Marigayin ƙwayoyin halitta ne da aka zuƙo daga ɓargon Alhaji, irin waɗanda kan girma su zama ƙashi ko guringuntsi. 'Yar gidan, Labiba, ita ta raine shi a labo, ɗakin binciken da take aiki, cikin wani abu mai rawa kamar romon ƙafar saniya da ya kwana. Burinta ɗaya ne, Auta ya zama guringuntsi a dasa a gwiwar mahaifinta, tsoho ya bar sallah a kujera, ya sake kai goshinsa ƙasa.

Kowa ya shaidi Auta da haƙuri. Ba ya yawo, ba ya gulma, ɗan ruwa ja-ja kawai yake sha. Iyakar maganarsa, in an girgiza shi, ita ce "cakwal".

Jinyarsa ta fara ranar da injin ɗumama shi ya lalace. Da yake ɗumin jikin mutum yake so, Labiba ta saƙala shi a hammata, ta hau zemijan, wato babur ɗin haya, zuwa gida. Ta damƙa shi ga mahaifiyarta, Hajiya Zuwaira, ta haɗa ta da Allah kada a buɗe murfin, don ko numfashi na iya kashe shi. Ta koma neman mai gyara.

To, a Zongo ana jin labarin marar lafiya a zauna? Maƙwabta suka yi layin dubiya. Kowa ya ɗan ɗaga murfi, ya tofa masa addu'a, ya mayar a hankali. Har daga unguwar Agla mai nisa an zo an tofa. Kafin injin ya gyaru, Auta ya tsiro gemu kore shar. Labiba ta sha kuka, ta rasa wanda za ta yi wa faɗa, don duk ƙauna ce ta jawo.

Ya bar mahaifinsa Alhaji, da yayarsa Labiba, da masu dubiya da yawa waɗanda har yanzu ke cewa da ma sun ƙara tofawa.

Ba za a yi masa wanka ba, gudun kada ya narke. Likkafaninsa hankici ne. Za a binne shi bayan la'asar, a gindin mangwaron gida. Wanda ya riga isowa ya taimaka ya fito wa Alhaji da kujerar sallarsa.