Ajalin Allon Baba Tukimin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta koma mazauninta ba, Baba Tukimin, dattijon ƙungiyar masunta ta Muarasari, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babban allon kwamfutar nan mai hoto da ke bangon ofishin ƙungiya. Ajali ya riske shi ranar Talata da hantsi, a bainar jama'a, sanadiyyar sara ɗaya a tsakar fuska.

Baba ya ce marigayi ya yi sallama kafin ya tafi. Daren Litinin, da ya koma ɗauko hularsa bayan isha'i, ya ji shi yana wani irin kuka a cikin duhu, zzzz, kamar ƙudan zuma a kwalba. Masu ilimi sun ce wuta ce ta yi ƙasa. Baba bai yi musu da su ba, amma ya san abin da ya ji.

Marigayi ya zo garin nan a shekarar da Baba ya sayar da jirginsa na ƙarshe. Da kuɗin ya saye shi, ya ba ƙungiya kyauta, da sharaɗin a bar masa kujera a gabansa. Baba bai yi nisa a boko ba, lambobin kamun kifi da allon ke nunawa ba su dame shi ba. Shi dai a bar shi da sandunan nan shuɗɗa da ke tsayi idan teku ta yi kyauta, da zanen nan mai yanka-yanka kamar kankana.

Marigayi mai saurin biyan buƙata ne. Duk wanda ya so zane, da safe zai faɗa, kafin azahar an dasa masa, kuma kowane zane da nasa lissafin a cikin cikinsa, ba ya aro wurin maƙwabci. Ratri, mai kula da kwamfutar ƙungiya, ta daɗe tana cewa wannan ciwo ne. A ƙera mudu ɗaya, in ji ta, a ajiye shi a gindi, kowane zane ya riƙa awo da shi, in gyara ya taso a yi shi sau ɗaya.

"'Yata," in ji Baba, "yanzu in ɗaya ya yi ƙarya, ɗan'uwansa zai tona shi. In mudunki ya karkace fa? Duka su haɗa baki su yi mana ƙarya ɗaya, mu yi ta tafi."

"Baba, kai dai kallo kake so. Ni ce mai bin su ɗaiɗai kamar mai tsince ƙaya a kifi."

Kowa da gaskiyarsa. Sai dai allon na Baba ne, maganarsa aka bi.

Jinyar ƙarshe ta soma ne da batun matsaya. Matsayar jirgi ɗaya ce a bakin gidan ƙanƙara. Wanda ya same ta, kifinsa ya isa kasuwa da sanyinsa, bai lalace ba. Wanda ya rasa, ya turo nasa a baro cikin rana tun daga ƙarshen gadar sauke kaya. Al'ada ita ce a ba jirgin da ya fi kamu a shekara. Bana kwamiti ya yanke cewa kifin da ya ruɓe, wanda ake sayar wa masu agwagi, ba ya shiga ƙidaya. Ratri ta bi zane-zanen tana gyarawa, ɗaya ya kuɓuce mata. Ba laifinta ba ne. Zane biyu ne, sunansu ɗaya, launinsu ɗaya, cikinsu daban.

Da aka kunna marigayi ranar Talata, ya yi ɗan tarinsa na kullum, ƙit, ya buɗe ido. Zanen hagu ya ce Darmaji ne ya fi kamu, ɗan Baba na cikinsa. Zanen dama ya ce Kasno ne, mijin 'yar Baba.

"Ga shi nan ɓaro-ɓaro," in ji Darmaji. "Suruki, je ka shafa wa baronka mai."

"Duba dama, Yaya, in idonka bai ruɓe ba kamar kayanka. Kifin naka ko agwagwa sai ta toshe hanci!"

"Ni kake faɗa wa haka? Kai da ka zo neman ƙanwata da aron takalmi?"

Kofin shayi ne ya fara tashi. Kujera ta bi shi. Yaran jirgin Darmaji suka shigo ta taga, na Kasno suka ɓalle ƙofa. Aka fasa wa ma'aji baki da dutsen sikeli. Ratri tana kan tebur tana ihun a saurare ta minti ɗaya, wani ya jefe ta da kwandon jatan-lande. Jini da ruwan kifi suka gauraye a daɓe, mutane suna zamewa suna tashi suna ci gaba. Darmaji ya danne Kasno a kusurwa, ya zaro wuƙar fiɗa. Kasno ya laluɓo kwalba ya fasa gindinta. Marigayi kuwa yana bisansu yana haske, hagu tana cewa ɗa, dama tana cewa suruki, kowa ya ɗaga kai sai ya ga shaidarsa ya ƙara ƙaimi.

Sai aka ji tau! Ƙugiyar jan ƙanƙara ta nutse a fuskar marigayi har ƙota. Ya yi tartsatsi, sandunansa suka narke suka gangaro, ya ce tsss, ya yi duhu. Wuƙa ta faɗi, kwalba ta faɗi. Duk idanu suna kan masu faɗa a lokacin, saboda haka har yau ba a san hannun da ya yi wannan aika-aika ba.

Marigayi ya rasu ya bar na'urar kunna shi, wadda batirinta ke ɗaure da roba, da ƙusoshi huɗu a bango, da tsaka guda da ta tsufa tana jin ɗumi a bayansa, yanzu tana zagaye wurin ba ta gane komai ba. Ya kuma bar magaji, wato mudun nan ɗaya da Ratri ta ƙera ran Laraba. Magajin ya ce matsaya ta Kasno ce. Darmaji ya karɓa, ko da yake leɓensa a ɗinke yake, ba a ji sosai ba. Baba ya ce yaron yana da natsuwa, baki ɗaya gare shi, amma ba shi da ɗan'uwan da zai ƙaryata shi, don haka a riƙa sa masa ido.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da safe daga ofishin ƙungiya, a naɗe cikin tsohon tarun kamun kifi, a kan keken mai sayen gwangwani. Darmaji da Kasno ne za su kama ta, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Haka Baba ya yi umarni. Akwai shayi da shinkafa da soyayyen tempe na waken suya a gidansa bayan an dawo. Ana roƙon masu zuwa su bar wuƙaƙensu a jirgi.

An riga an fara karɓar gaisuwa. Jiya da yamma Inna Sumiyati, maƙwabciyarsa, ta shigo da tiren ayaba, ta tarar da ɗa da suruki zaune a tabarma ɗaya suna shan taba mai kanumfari. Ta yi ta'aziyya, ta miƙa wa Baba kofi, ya karɓa da hagu. Ta tsaya tana duban hannunsa na dama, wanda ke naɗe da tsumma har wuyan hannu.

"Af, Baba! Kai da aka ce kana can gefe a kujera, yaya aka yi gilashi ya yanke ka haka?"