Hambali da Baitin Ƙarshe

Wani mutum ne a unguwarmu can Gumel, Hambali mai gyaran rediyo. Gyaran nasa dai sai a hankali, ka kai masa rediyo mai tari ya dawo maka da kurma. Amma baki, tabarkalla. In ana hirar masu begen Annabi a gindin dalbejiyar shagonsa, babu sha'irin da Hambali bai raina ba. Wane muryarsa ta gwangwani ce, wane kuma aron baiti yake yi. Shi fa, in ji shi, ƙasida a barci take zuwar masa, kunya ce kawai ta hana shi fitowa. Kunya! Mutumin da ko a gidan makoki shi ke da bakin magana.

Ana nan sai Maulidi ya matso, muryar Malam Nafi'u mai ba da waƙa a zawiyarmu ta dushe gaba ɗaya. Shehin zawiya ya ce duk wanda ya kawo sabuwar ƙasida ta kansa ranar taro, shi zai riƙa jan baiti daga bana. Hambali ya daki ƙirji ya ce an gama.

Ashe akwai wata tsohuwar rakoda da wani baƙo ya kawo gyara ya manta da ita, da kaset maƙale a ciki. Wata baiwar Allah ce ke rera bege a kaset ɗin, murya kamar ana zuba zuma, kuma ba wanda ya taɓa jin waƙar a garinmu. Gogan naka ya rufe shago, ya yi ta juya kaset har ya haddace waƙar tsaf tun daga bisimilla. Matsala ɗaya ce. Kun san al'adar masu ƙasida, a baitin ƙarshe mai waƙa yake faɗin sunansa. To sai Hambali ya ƙera nasa baitin, ya cusa sunansa da na kakansa, ya ce da ya iso nan zai sauya.

Ranar taro ya sha babbar riga ta aro, ya zambaɗa kwalli. Aka buga mandiri, dim, dim, dim. Wallahi ba zan yi masa ƙarya ba, ya rera. 'Yan amshi suka ɗauka, wuri ya kama. Tsofaffi na share hawaye, wani na fesa masa turare fush-fush har cikin kunne, mata daga bayan labule sai guɗa. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi, ina cewa a raina ashe mun daɗe muna zaluntar mutumin nan.

Kan Hambali ya kumbura. Ya lumshe ido, yana rangaji, yana ɗaga hannu sama. Harshe kuwa hanyar da ya saba ita yake bi, kamar jakin da ya san gida. Sai ji muka yi ƙato mai gemu ya maƙale murya ya zuba:

"Mai son ya san mai waƙar nan,
Ni ce Tabawa, ku ji sunana,
Cikin jego na tsara ta,
Ina shayar da ɗan autana."

'Yan amshi, da yake aikinsu ke nan, suka karɓa da ƙarfinsu. Mai mandiri ne ya fara tsayawa, hannu a sama. Wuri ya yi tsit, har kana jin lasifika na ƙugi. Hambali ya buɗe ido ɗaya, ya buɗe na biyu, ya shiga kame-kame wai ai Tabawa wata gwaggonsa ce da yake yi wa addu'a. Gumi kuwa sharkaf, kwalli ya gangaro har gemu.

Shehi mutum ne mai kawaici, bai yi dariya ba. Ya gyara rawani, ya ce a yi wa Malama Tabawa addu'a duk inda take, don ta yi bege mai kyau. Sannan ya dubi Hambali a natse.

"Malam Hambali, sannu da arziki. Ai da ka gaya mana, da ba mu tsayar da kai a rana haka ba, da ɗanyen jiki."

Dariya ta ɓarke har bayan labule. Hambali ya tattare rigar aro ya bi ta lungu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Washegari da ya zo buɗe shago, ya tarar matan unguwa sun riga shi. Ga kwanon kunun kanwa a bakin ƙofa yana tururi, an rufe shi da faifai, da saƙon wai mai jego ta daure ta shanye da zafinsa.