Likitan Lilak

"Ni nan da kike gani, furen lilak sai ya yi mako uku a hannuna yana ƙamshi," in ji maƙwabcinmu Kawu Yefim, yana dukan ƙirji. Tsohon direban bas ne fa, amma in ka ji bakinsa sai ka rantse shi ya koya wa bishiya fitar da fure.

Ranar Laraba da tsakar rana ya yanko dami guda na farin lilak. Ran Asabar Zinaida Pavlovna, bazawarar da ke bayan shingensa, za ta yi bikin ranar haihuwarta, kuma a nan gogan yake son miƙa mata furen ya nemi aurenta.

Ni kuwa ko tawadar digirina na aikin gona ba ta bushe ba, sai na hau zuba masa ilimi: a cire ganye, a ɗan tsaga gindi, ruwa mai sanyi, inuwa.

"Ɗiyata, ke takarda kika karanta. Ni duniya na karanta."

Ya ɗauko guduma ya yi wa gindin laga-laga. Ya ji ana sa cokalin sukari a ruwan fure, ya juye kofi guda. Ya ji ana ɗiga giyar bodka, ya raba kwalba biyu, rabi na majinyaci, rabi na likita. Sannan ya dasa tulun furannin a taga, inda rana ta fi duka, wai don su ji kamar suna gida.

Alhamis tururuwa suka zo dubiya. Juma'a furanni suka sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki.

"Kawu, tsoma gindin a ruwan zafi, ƙila su farfaɗo."

"Gindi kuma? Inda ke ciwo nan ake gasawa."

Shugaban masana ya dulmiya kawunansu a tafasasshen ruwa.

Asabar ya ɗaura lakataye a wuya, ya miƙa abin da ya rage a gaban baƙi.

Zinaida Pavlovna ta juya damin, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Yefim Ilyich, duk ƙauyen nan ni kaɗai ke da farin lilak. Tun Laraba nake neman wanda ya aske mini bishiya."

"To ai... na adana miki ne."

"Ka kyauta. Dama ba ni da tsintsiya."

Da ita ta share shi har bakin ƙofa.