Rasuwar Otis, Dogon Ƙofar Gidan Pruitt

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har tana neman tumbatsa, Mista Delbert Pruitt na gida mai lamba sha huɗu yake sanar da 'yan unguwa rasuwar Otis, mutum-mutumin ƙanƙara na roba mai tsawon ƙafa takwas. Rai ya yi halinsa ranar Talata da tsakar rana, bayan doguwar jinya.

Marigayin mai fara'a ne, ba ya cin komai sai iska. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, in ban da "huuuu" ɗin injin da ke hura shi. Marigayiya Noreen, matar Delbert, ita ta kafa shi a Kirsimetinta na ƙarshe, shi ya sa duk ranar da aka ce a sauke shi sai hannun Delbert ya ƙi.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga dokar kwamitin unguwa: kayan ado su fito wata guda kafin biki, su koma mako biyu bayansa. Shugabar kwamiti, Madam Lorna Haskell, ta iso da kalanda a hannu.

"Delbert, ni ma ina kewar Noreen, amma yau sha biyar ga Janairu. Kwashe dodon nan."

"Sunansa Otis, Lorna. Kuma dokarku biki ta ce, ba ta ce wanne ba."

Washegari Otis ya tashi rungume da jar zuciya ta ranar masoya. A Maris ya sa koriyar hula ta bikin wani waliyyi, da Ista aka ɗaura masa kunnen zomo, a Yuli aka damƙa masa tutar bikin samun 'yancin kai. Bawan Allah da aka yi don sanyin wata guda, haka ya yi ta shan rana har cikin zafi. Ɗinkin hammata ya buɗe aka liƙe, na wuya ya bi baya. Kalmarsa ta ƙarshe "fssss" ce, sannan ya durƙusa ya kife.

Ya rasu ya bar barewar ado biyu da aka ƙera da wayar ƙarfe, ɗaya ba kai, da igiyar fitilu da rabinta ba ya kamawa, da Madam Haskell, wadda yanzu ba ta da abin leƙe ta taga.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis, ranar motar shara, da sharaɗin murfin kwandon ya rufu ruf. Masu ta'aziyya kada su ajiye fure ko kyandir a harabar gida, domin rasuwa ba ta cikin bukukuwan da kwamiti ya sani.

Delbert na godiya ga kwamiti, da ya riga kowa aiko da takarda. Takardar ta ce ciyawar da marigayin ya tsaya a kai ta mutu, an ba Delbert kwana goma ya shafe gurbin.