Rasuwar Tuli, Mai Jera Motocin Auduga

Da zuciya cike da baƙin ciki, ni Halliru, mai huda kati a ma'aikatar gurzar auduga da ke nan Garuwa, nake sanar da rasuwar Tuli, ranar Alhamis da hantsi, 1979. Katunan umarnin na'ura mai ƙwaƙwalwa ne ɗari biyu da goma sha huɗu. Ni na huda su, wata bakwai.

Aikin marigayi ɗaya ne: ya faɗi motar da za a fara sauke wa kaya. Ya jera direbobin kamar zuriya, uba a sama, 'ya'ya biyu a ƙasansa, kowane ɗa da nasa biyun, kuma ba ɗan da ya fi ubansa daɗewa a bakin ƙofa. In an sallami na sama, sai ya ɗora na ƙarshe a sama, ya bar shi ya gangara har ya sami gurbinsa. Ko gaisuwa bai iya ba. "Firrr, tak-tak-tak," sai ga sunan direba a takarda. Bai san surukin kowa ba, bai taɓa cin goro ba. Wannan hali ne ajalinsa.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Motar Alhaji Muntaka ta iso ran Laraba, marigayi ya ajiye ta can ƙasa cikin jikoki. Shef Eugène, shugaban ma'aikatar kuma aminin Alhaji, ya ce na'ura ta raina manya. Ya zare katunan yana ɗaga su wajen taga ɗaya bayan ɗaya, wai yana neman sunan Alhaji a cikin hujin ya mai da shi sama. Fanka na juyawa, iska ta watsa su ƙasa. Ni kuwa ban taɓa sa musu lamba ba, balle in sake jera su. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Ya rasu ya bar na'ura gwauruwa, da ni, da motoci talatin da ɗaya. A cikinsu akwai ta Norbert, wanda ya sauko da audugar ƙauyensu daga dutse, kwanansa tara a ƙofa, ga hadari ya fara haɗuwa, tamfol ɗinsa kuma a yage. Alhaji ya yi haƙurin rashin, an sauke masa kafin azahar.

Za a yi jana'iza Asabar bayan la'asar a tukubar Yelwa mai tsire, wanda ya yarda ya naɗe nama da gawar. Ba a bukatar jawabin shef.

Takardar ƙarshe da marigayi ya fitar tana aljihuna, suna ɗaya ne a kanta. Cikin masu zuwa ta'aziyya, wa zai tsaya a ƙofa ya gaya wa Norbert shi ne a sama?