Hulusi Bey, Masanin Merhaba

Hulusi Bey yana da shekara sittin da uku. Ya yi talatin daga ciki yana buga hatimi a wani ofishin filaye a Ankara, kuma ya dawo ƙauyenmu da fansho, da hular malafa, da niyyar zama muhtar, wato mai unguwa. Allah ya yi mana gata, domin kafin zuwansa gaisawa kawai muke yi cikin jahilci.

Shi ya gano mana cewa "merhaba" da muke faɗa tun kaka da kakanni daga Larabci ta fito, kuma asalinta yalwa ce: ka iso wuri mai faɗi, zauna ka sake. Ya rubuta wannan a shafi arba'in, ya buga da hotonsa a bango. Muka sa masa suna Ƙamus. Ya ɗauka yabo ne.

A shagon shayin Jevdet, idan mutum ya shigo ya zauna, kowa zai dafa ƙirji ya ce masa merhaba, ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya amsa wa kowa da sunansa. Sai an gama ake komawa kan shayi. Mako biyu kafin zaɓe Ƙamus ya shigo neman ƙuri'a. Ya zauna a benci na mutum uku, jakarsa a dama, littattafansa a hagu. Wanzamin gari ya fara gaishe shi. Ƙamus ya ɗaga yatsa.

"Dakata, ɗan'uwa. Ka san abin da ka faɗa kuwa? Ba ka sani ba. Ni na sani."

Ya yi minti hamsin. Mutum goma sha tara suna jiran layinsu, shayi ya huce a ƙananan kofuna. Dattijo Rustem, mai shekara tamanin da jikoki masu ƙuri'a arba'in da biyu, ya shigo a tsakiyar bayanin yalwar wuri, ya duba bencin, ya ga jaka ta riga shi. Duk da haka ya dafa ƙirji ya yi gaisuwa. Ƙamus ya ce masa tambayoyi sai a ƙarshe.

Zeki mai gyaran tarakta, abokin takararsa, wanda bai san asalin ko da sunansa ba, ya miƙe ya ba tsohon kujerarsa.

"Baffa, zauna nan. Malam yana faɗaɗa mana wuri ne, bai gama ba."

Ranar zaɓe Zeki ya sami ƙuri'a ɗari da tamanin da bakwai. Ƙamus ya sami tara. Ya bayyana wa wanzami cewa wannan ba faɗuwa ba ce, ƙididdiga ce ta masu ilimi a garin, kuma adadin ya fi abin da ya zata. Ya ƙara da cewa idan ba a gyara ba zai koma Ankara, inda ake ganin darajar mutane, amma sai ya kammala littafi na biyu a kan asalin gaisuwar ban kwana.

Da labarin ya kai kunnen Rustem, ya ce wannan gaisuwar ba ya bukatar bayaninta, a shirye yake ya faɗa masa ita har bakin mota. Zeki ya yi tayin tarakta don kwashe kaya. Jevdet ya ce shayin ranar kyauta ne.

Jiya Hulusi Bey ya liƙa takarda a ƙofar shagon yana godiya ga jama'a bisa goyon bayan da suke bai wa bincikensa.