Ranar Da Fartanya Ta Kayar Da Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na durƙusa gaban fartanya ina ba ta haƙuri, da rana tsaka, a fadamar Argungu.

Ni da Yaya Sahabi, ɗan wan babana, gonakinmu na jingine da juna, amma shekara biyar ko gaisawa ba ma yi. Wata Juma'a ce na bar injin ban ruwa a kunne na tafi masallaci, ruwa ya ɓalle ya shiga albasarsa, ta ruɓe. Shi ya ce sakacina ne, ni na ce gefen gonarsa ne bai ɗaga ba. Daga nan kowa ya kama gabansa. (Ni kuwa da abin nake kwana nake tashi. Ko tari ya yi a sahu sai in ce da ni yake.)

Bana rijiyar gonata ta ƙafe, shinkafa ta fara yaushi. Ba yadda zan jawo ruwa daga gulbi sai tiyo ya ratsa gonarsa. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba.

Ni ba na iya magana mai nauyi sai na gwada ta tukuna. Don haka na kafa fartanya a gindin mangwaro, na ɗora mata hulata, na ce ita ce Yaya. In faɗi tawa, in zagaya bayanta in amsa da muryarsa, har da kaɗa yatsan nan nasa. Matsalar ita ce ina tsoron ɗaukar alhakinsa ko a bayan idonsa, don haka duk hujjarsa sai na kawo ta cikakkiya.

"Yaya, ai gefen gonarka ne ya yi ƙasa."

Na zagaya. "To wa ya bar inji a kunne?"

Na dawo. "Ni ne, amma..."

Na zagaya. "Ka zo ka duba albasar ko sau ɗaya? Ka ce mini sannu?"

Na dawo. Na zube gaban fartanya na ce, "Wallahi Yaya ka fi ni gaskiya. Nauyinka ne ya hana ni zuwa. Ka yafe mini."

Sai na ji gyaran murya daga rumfar albasa da ke bayan mangwaron. Ashe tun farko Yaya Sahabi yana ciki yana ware ruɓaɓɓu!

"Kai ƙanena, mi kaka yi? Haka nika kaɗa yatsa?"

Ga kai ba hula, ga gwiwa cikin laka. Ya yi dariya har sai da ya dafa mangwaro.

"Wanga Sahabin naka ya fi ni iya magana," in ji shi. "Amma ya ɓoye maka abu guda. Gefen nan da gaske ban ɗaga shi ba, kuma na sani tun ranar. Tashi ka ɗauko tiyon, kar shinkafa ta mutu muna surutu."

Shi da kansa ya ja tiyon ta tsakiyar gonarsa. Kafin la'asar ruwa na kwance a gonata.

Sai dai ya ba da labarin a wani ɗaurin aure a Gwadangaji, har da kwaikwayon durƙusona. Yanzu duk dangin da suka ɓata, sai a ce su zo su ari fartanyata.

Na dai koyi cewa kafin ka tunkari wanda kuka saɓa, ka tsaya a wurinsa ka faɗi tasa da gaskiya. Amma don Allah ka fara leƙa rumfa.